Cin rani za ka, ko zama?

Ɗan'uwa mai karatu, da wuya ka samu gida a ƙasar Adar, ko Gobir, ko Damagaram, wanda ba shi da mutum a waje. Wani na Abijan, wani na Akkara ko Kumasi, wani na Kwatanu, wani na Legas, wani kuma ya yi arewa. Da an gama girbi an zuba hatsi a rumbu, sai ka ga tasha ta cika da samari, kowa da jikka a kafaɗa. Abin nan ba yau aka fara shi ba. Kakanninmu da ƙafa suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro, da jakai da kanwa. Zangon da suka yada shi ne ya zama unguwannin da ake ce ma Zango a biranen Gana har yanzu.

Saboda haka ni ba zan ce maka kada ka tahi ba. Wanda rumbunshi ba ya kai shi watan bakwai, ba a hana shi bida da baki kawai. Tambaya ɗaya ce nake so ka yi ma kanka tun kana gida, kuma ka ba kanka amsar gaskiya. Cin rani za ka, ko zama?

Kada ka ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Mai cin rani ya san ranar komawarshi. Wata biyar ko shida zai yi, in hadari ya fara haɗuwa yana gida da kalme a hannu. Shi tabarma ta ishe shi, ko a bakin shago ya kwana ba komi. Mai zama kuwa shekaru zai yi. Zai kama ɗaki, zai yi ciwo a can, wataƙila ya kai iyalinshi ko ya yi aure can, a haifa mashi yara can. Shirin mutum na farko daban, shirin na biyu daban.

Wahalar da ta fi cin mutanenmu tana tsakanin biyun nan. Mutum ya hita da shirin wata shida, ya share shekara ashirin. Kowace shekara yana cewa baɗi zan koma. Da yake baɗi zai koma, ba ya neman takarda. Da yake baɗi zai koma, ba ya koyon harshen mutanen garin. Ba ya sa yaro lakwal, don ai baɗi za a kai shi gida. Matar da ya bari a ƙauye ita ma tana jiran baɗi. Ana nan baɗin ba ta zo ba, gemu ya yi fari. Shi bai zauna can ba, kuma bai zauna nan ba. Ka duba garinku da kyau, za ka iya ƙirga irin waɗannan mutane da yatsun hannu har su ƙare maka.

To in ka san zama za ka yi, ko kana zaton abin zai kai ga haka, ga inda shiri yake farawa.

Takarda tukuna. Na san maganar nan ta ishi kunne, amma dole a maimaita ta. Uwar takardu duka ita ce takardar haihuwa. Da yawa daga cikinmu an haife mu a gida, ba wanda ya je ya rubuta mu. Wannan yana da magani: ka je gidan shari'a da shaidu waɗanda suka san haihuwarka, alƙali ya yi maka takardar da za ta maye ta haihuwa. Da ita ne ake samun takardar shaidar kai ɗan Nijar ne, da katin ɗan ƙasa, da fasfo. Ka lura da abu ɗaya da mutane ke rainawa. Sunanka, da na mahaifinka, da shekarar haihuwarka, su zama iri ɗaya a kowace takarda. In nan an rubuta Mamman, can an rubuta Mahamadu, to ga ma'aikacin da bai san ka ba mutum biyu ne. Kai da kake koyon karatu yanzu, ga amfaninshi: ka karanta da idonka kafin ka bar biro, in an yi kuskure a gyara nan take. Gyaran da zai ci maka yini ɗaya a garinku, daga Abijan sai ya ci maka watanni.

Akwai kuma katin rigakafi, wannan mai ruwan ɗorawa, na allurar shawara. Ƙasashen kurmi suna tambayar shi a kan iyaka. Wasu suna sayen katin a tasha ba tare da an yi masu allurar ba. Sun ruɗi ɗan sanda, amma ba su ruɗi sauro ba. Ka je asibiti a yi maka ta gaske, sau ɗaya ce. Sa'an nan kowace takarda ka yi mata fotokofi biyu. Ɗaya ka bar ma wani amintacce a gida, ɗaya ka riƙe nesa da ta ainihi. Ka ɗauki hotonsu da salula kuma.

Za ka ce, ai da can da katin ɗan ƙasa kawai ake zuwa kurmi. Gaskiya ne. Tun 1979 ƙasashen CEDEAO suka yarda ɗan kowace ƙasa ya shiga ɗayar ba biza, ya yi kwana 90. Amma ka san Nijar da Mali da Burkina sun hita daga ƙungiyar, kuma hitar ta tabbata ran 29 ga Janairu 2025. A ranar CEDEAO ta ce ƙasashenta su ci gaba da karɓar takardunmu, su bar mu mu shiga mu hita, har sai ta sake magana. Ka ji wannan kalma ta ƙarshe da kyau. Abin da aka ce har sai an sake magana, aro ne. Hanyar ma ta sake. A 2023 aka rufe iyakar Gaya da Malanbil, mutane suka koma ƙetare kogi da jirgin ruwa. Hanyar Burkina kuwa kowa ya san rashin kwanciyar hankalin da ta yi fama da shi shekarun nan. Don haka kada ka dogara da labarin wanda ya tahi shekara biyar da ta wuce. Ka tambayi wanda ya zo makon jiya, ka tambayi direbobin kar.

Na san abin da ke bakinka. Za ka ce wane ɗan gidan wane ya tahi ba ko ƙyallen takarda, ga shi ya dawo da babur, ya yi rufin kwano. Haka ne, ni ma na san irinshi. Amma wanda ya dawo da babur shi ake gani. Wanda aka kwashe ma jari a shingen jandarma, ko wanda ke kwance a kurkuku ba wanda ya san sunanshi, shi ba ya zuwa dandali ya ba da labari. Kuma kuɗin takardun nan duka, in ka haɗa su, ba su kai abin da marar takarda ke bayarwa a shinge bayan shinge ba. Shi kullum biya yake, kuma ko rasit ba a ba shi.

Bayan takarda sai gida. Nan ne maza ba su son a tsaya, ni kuwa nan nake so in daɗe.

Kafin ka ɗauki jikka, ka zauna da matarka ku yi magana, ba a tsaye bakin ƙofa ba. Hatsin da ke rumbu wata nawa zai kai su? In ya ƙare, wa za ta tambaya? Wa zai noma gonar, kuma da wane sharaɗi? In yaro ya yi zazzaɓi da dare, wa ke da iznin sayar da akuya? Yawancin ƴan bida suna barin wannan duka a hannun tsoho ko wa, matar kuwa ba a gaya mata komi. Kuɗi in sun zo, hannun wani suke faɗawa, ita sai abin da aka ga dama. Daga nan rigima ke tashi tsakanin mata da dangin miji, kai kana can kana zaton lahiya lau. Ka faɗa gaban shaidu: kaza na tsohona ne, kaza na matata da yaranta ne. Yanzu da akwai gidajen aika kuɗi irin su Nita da Al Izza, ba abin da zai hana ka aika mata nata da sunanta, in ka yi mata katin ɗan ƙasa kafin ka tashi. Ka ga ita ma takarda ta kama ta.

Ka gaya mata gaskiyar lokacin kuma. In shekara uku ne, ka ce shekara uku. Mace tana da haƙƙin ci da sha da tufa a kan mijinta, tana da haƙƙin zama da shi. Wadda aka bari shekara da shekaru ba aike ba labari, in ta kai ƙara wurin sarki ko alƙali ba ta yi laihi ba. Mutane su riƙa cewa ba ta da haƙuri. Wanda ya ce wata shida ya yi shekara shida, shi me za a ce da shi?

Gona ma haka. In ka ba wani aro ko jingina, a rubuta, mai gari ya sa hannu. Shekara goma in ta wuce, shaidun baka sun mutu, ɗiyan wanda ka ba aro sun tashi sun iske ubansu na noman wurin, su a ganinsu gado ne. Kuma ina roƙon ka, kada ka sayar da gona don kuɗin mota. Wanda ya sayar da gona ya tahi, ko abin ya ƙi shi a can, kunya da rashin wurin komawa za su riƙe shi.

Sai maganar wurin da za ka sauka. Kada ka tashi don kawai an ce Abijan akwai kuɗi. Wurin wa za ka? Ya san kana zuwa? Ya ce ka zo, ko kai ne ka ce mashi ga ka nan? Mai masauki shi ne rabin tahiya. Shi zai tarbe ka a tasha a Ajame, ya ba ka wurin kwana, ya nuna maka inda ake saro kaya, ya tsaya maka in an kama ka. Lambar tarhonshi ka rubuta ta a takarda, ka hardace ta kuma, don salula tana ɓacewa. Amma ka sani shi ma ɗaki ɗaya gare shi, da mutum shida a ciki. Baƙo raɓa ne. Tun makon farko ka fara sa hannu a kuɗin abinci, ka kuma sa ma kanka lokacin da za ka tashi ka kama naka ɗaki.

Kama ɗaki a birnin kurmi ba kamar a Tawa ba ne. A Kodibuwar doka ta 2018 ta ce mai gida kada ya karɓi fiye da kuɗin wata 2 na gaba, da na wata 2 na ajiya. Ka ga wata 4 ke nan a dunƙule kafin ka shimfiɗa tabarma, ban da ladan dillali. A Akkara abin ya fi haka: doka ta tsaya a wata 6, amma masu gida sun saba neman shekara ɗaya ko biyu gaba ɗaya. Duk abin da ka biya a ba ka rasit. Unguwar da ta fi araha kuma sau da yawa ita ce wadda aka gina a bakin ruwa ko a hilin gwamnati. A 2024 hukumar Abijan ta rushe unguwanni irin su Boribana da Gesko, mutane suka wayi gari kayansu na waje. A shekarar nan kuma ta hana talla da bara a manyan titunan birnin. Kai da ke shirin ɗora kaya a kai ka bi titi, wannan labari naka ne.

Kowace ƙasa tana da abin da ta keɓe ma ɗiyanta, kuma gara ka san shi tun da wuri. A Kodibuwar dokar 1998 ta ce ƙasar noma ta karkara ɗan ƙasa ne kawai ke mallakarta. Baƙo yana iya haya, yana iya noma, amma kada wani ya karɓi kuɗinka ya ce ya sayar maka da daji har abada. A Gana dokar 2013 ta keɓe ƙaramin ciniki na cikin kasuwa ma ƴan ƙasa. Ana daɗewa ba a taɓa kowa ba, sai ran da ƴan kasuwar gari suka husata a tuna da ita, a sa kwaɗo a shagunan baƙi. Mutanenmu da suka yi ƙarhi a can, yawanci sun kama sana'ar da ƴan gari ba su yi ba, ko suka iya ta fiye da kowa: albasa, dabbobi, tsire, shayi da burodi, gadi. Abincin nan na garin rogo da soyayyen kihi da duk Abijan ke ci, garba ake ce mashi, kuma ana cewa daga sunan mutanenmu masu sayar da shi ya samo suna.

Da ka natsu, ka je ofishin jakadancin Nijar a rubuta ka, a ba ka katinsu. Ka nemi sarkin Hausawa ko sarkin Zango na unguwar, ka gaishe shi, ya san huskarka. Ka shiga ƙungiyar ƴan garinku, ka riƙa zuba abin da ake zubawa. Ranar ciwo, ko ranar da aka yi rasuwa, su ne dangi. Amma kada ka tsaya nan. Zango yana da daɗi, kuma yana da tarko. Mutum sai ya shekara goma sha biyar a Nima ko Abobo, Hausa kawai yake ji, Hausawa kawai ya sani. In ya je asibiti sai da tafinta, in an kawo takarda sai ya dangwala yatsa a abin da bai sani ba. Ka koyi Julanci da Faransancin kasuwa in Abijan kake, ka koyi Tuwi da ɗan Turanci in Kumasi ne. Ka gaida maƙwabcinka ɗan gari, ka je mashi gaisuwar mutuwa ko da addininku ba ɗaya ba. A watan Mayu 2021 wani ya sa bidiyo a Facebook, aka ce wai ƴan Nijar ne ke dukan ƴan Kodibuwar. Ƙarya ce, hoton ma ba a Nijar aka ɗauke shi ba. Amma kafin gaskiya ta hito an far ma mutanenmu a unguwannin Abijan, an ji ma wasu ciwo, an kwashe shaguna. A rana irin wannan, maƙwabcin da ya san sunanka shi ke buɗe maka ƙofa.

Yanzu yara. In akwai wanda zaman rabi da rabi ya fi cuta, to su ne. Mutane da yawa suna zaton yaron da aka haifa a Abijan ya zama ɗan Kodibuwar. A'a. Tun 1972 dokarsu jini take bi: sai in uwa ko uba ɗan ƙasar ne. Ɗanka ɗan Nijar ne, amma sai ka tabbatar da haka a takarda. Ka rubuta haihuwarshi a gidan magajin garin inda aka haife shi cikin wata 3, sa'an nan ka kai takardar ofishin jakadancinmu. In ba ka yi ba, yaro zai tashi can ana ce mashi baƙo, ya zo nan a ce a ina aka haife ka. Ba jarrabawa, ba fasfo, ba aikin albashi. In matarka ƴar can ce, ka sani tun 2014 Nijar ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu, don haka ba sai yaro ya zaɓi tsakanin uwa da uba ba. Kuma ka sa shi lakwal a inda kuke, bana, kada ka jira baɗin nan da ba ta zuwa. Allo da safe ko da yamma ba ya hana lakwal.

Wani zai ce, in na yi duk wannan ai na zama ɗan can ke nan, na manta gida. Ba haka nake nuhi ba. Ka zauna da ƙafa biyu, amma ka tuna ƙasar wani ce, kuma an sha gani. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Busiya ta Gana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama kwana 14 ya hita. Akwai waɗanda aka haifa a Kumasi, ba su taɓa ganin Nijar ba, suka hau kaminyo suka bar gidaje da shaguna. A watan Janairu 1983 Najeriya, a zamanin Shagari, ta yi irin haka, mutum wajen miliyan 2 suka hita, da namu a ciki. Kodibuwar ta sa ma baƙi katin zama a 1990, ta ɗauke ma ƴan CEDEAO shi a 2007, tsakanin nan kuma an yi yaƙin da ya fara a 2002. A 2011 yaƙin Libiya ya koro dubun dubatan ƴan Nijar hannu wofi. Duk waɗannan ƙasashe sun karɓi baƙi da hannu biyu lokacin da kasuwa ke ci. Da abinci ya yi wuya, ko siyasa ta yi zahi, aka tuna da su.

Shi ya sa dukiyarka kada ta taru wuri ɗaya. Jarin da ke juyawa ya zauna can. Abin da ya ƙaru a kai ya zo gida, ya zama tunkiya, ko saniya, ko hili mai takarda. In a Kodibuwar kake, ko Togo, ko Benin, sefa ɗaya muke kashewa, jika can jika ce nan. Wanda ke Gana ko Najeriya kuwa, sidi da naira suna hawa suna sauka, ajiyar shekara tana iya narkewa a ƙarƙashin katifa. Shi kada ya daɗe da su a hannu.

Ban yi maganar arewa da yawa ba, don ita ba hanyar zama ba ce ga wanda ba shi da biza da takardar aiki. A watan Oktoba 2013 an tsinci gawa 92 a hamada tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga wajen Kance, motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Waɗanda suka isa kuma, shekara da shekaru Aljeriya tana kwaso su tana maidowa ta Asamaka. Wanda zai kai iyalinshi inda dole su riƙa ɓuya in sun ga ɗan sanda, ya sake tunani.

In Allah ya sa ka zauna lahiya, ka riƙa zuwa gida, ko shekara biyu sau ɗaya. Kada ka ce sai ka tara abin da za ka raba ma gari duka. Wannan kunyar ta tsaraba ta hana mutane da yawa ganin iyayensu da rai. Ka zo da abin da ya samu, ka zo da yaran lokacin hutun lakwal, su ga gonar, su san kakanninsu da baffanninsu, mai gari ya san su. Ka duba takardar aron gonar ko tana nan, ka sabunta katinka in ya kusa mutuwa, ka zauna da matarka ku sake lissahin rumbu kafin ka koma.